Tokar Da Na Goge Tukunya Da Ita

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai. Yanzu ko jikokina sai na kira sunaye uku kafin in dace da na wanda nake nema. Amma ranar da na wanke kaskon turaren wani tsoho ɗan China, wannan kam har ƙasa ta rufe idona ba zan manta ba.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Shekarata goma sha huɗu ke nan a Amurka, ina zaune a titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx tare da wata Hajiya 'yar Damagaram, kowa da ɗakinta, kicin ɗaya. Ni 'yar Kumasi ce, a zango aka haife ni, kuma ban taɓa shiga aji ba. Ajina shi ne gindin murhun mahaifiyata, mai dafa waakye, wato shinkafa da wake irin namu, ta sayar. Tun ina shekara bakwai nake goge manyan tukwane da toka, in ta zo ta shafa yatsa ta ga baƙi, sai in sake daga farko. Da wannan idon na girma, da shi na zo ƙasar nan. In na shiga gida, kafin in gaisa na riga na ga inda ƙura take.

Ejansi, wato ofishin da ke samo mana aiki, suka tura ni Chinatown, unguwar 'yan China. Jirgin ƙasa mai lamba D nake hawa tun daga Bronx har Grand Street, in hau bene hawa huɗu ba lifta. Tsohon ya haura tamanin, siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji. A kicin ɗin gidajen abinci ya ƙare ƙuruciyarsa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a New Jersey, tana leƙo shi ƙarshen mako. Turancinsa guntu, nawa guntu, sai muka haɗa guntayen muna zama lafiya. Yana ce mini Mama, ina ce masa Baba.

Ranar farko da na shiga falon na ga wata 'yar kanta a bango, an shimfiɗa mata jan ƙyalle. A kai ga gunki zaune, jar fuska kamar manja, gemu har ciki, koriyar riga, da wata doguwar adda a gefensa. Gabansa lemu uku, ƙananan kofunan shayi, da kaskon tagulla cike da toka, an caccaka sandunan turare a ciki. Na juya na dubi 'yar na ce, "Madam, zan yi masa wanka, zan dafa, zan wanke masai. Amma wancan mutumin, hannuna ba zai taɓa shi ba."

Ta yi dariya ta ce, "Ba wanda zai sa ki. Ni kaina ba ya bari in taɓa."

Haka muka yi kusan shekara. Kowace safiya yakan dafa bango ya je gaban kantar, ya kunna sanda uku, ya sunkuya, ya soke su a tokar. Ni kuma in azahar ta yi, in shimfiɗa dardumata a lungun kicin, in ba wa falon baya. Ban taɓa ce masa ya rage rediyo ba, amma da ya ji na buɗe famfo ina alwala sai in ji rediyon ya yi shiru. Na lura. Ni ba na yabo da baki, amma ina lura.

Abin da ke ci mini rai shi ne tokar nan. Ta cika kaskon har tana zubowa a kan jan ƙyallen. Kullum ina kallonta, tana kallona.

Sai aka kwantar da shi asibiti kwana uku saboda numfashi. Na ce to, kafin ya dawo zan gyara gidan nan ya ga aiki. Na wanke labule, na ja firji na share bayansa. Da na iso kantar na tsaya. Na ce a raina, gunki na ce ba zan taɓa ba, kasko kuwa kasko ne. Na ɗauke shi da tsumma, na juye tokar a wata tsohuwar robar yogot, na wanke shi har ina ganin fuskata.

Zan zubar da tokar ke nan, yatsuna suka shiga ciki. Laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Shekara goma sha huɗu rabona da taɓa toka, ƙasar nan daga gas sai lantarki. Kafin in ankara na jawo wata baƙar tukunyarsa ta suya, na jiƙa tsumma na dangwala, na hau gugar ta. Ina guga ina jin muryar mahaifiyata a kaina tana cewa, "Gindin, gindin, ke kullum baki kike gogewa." Rabin tokar ya bi ruwa a sinki. Sauran rabin na kasa zubarwa. Na rufe robar, na jefa a jakata, na ce in na je gida na goge tukwanena. Ni da ko allura ban taɓa fita da ita daga gidan mutane ba.

Ranar Asabar 'yar ta dawo da shi. Ko takalmi bai cire ba ya nufi kantar. Ya kunna sanda uku, ya sunkuya, ya soka su a kaskon. Suka faɗi. Ya ɗauka ya sake sokawa, suka sake faɗuwa, suna ƙara a cikin tagullar. Sai a lokacin ya leƙa ciki.

Bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da na san yadda zan yi da shi, domin ni ma ina da baki. Ya zauna a kujera da sandunan a hannunsa suna hayaƙi, har wuta ta kusa yatsunsa 'yar ta karɓe.

Ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. "Mama, ina tokar?"

Na ce, "Na wanke. Datti ne ai."

Ta rufe fuskarta da hannu biyu. Da ta buɗe sai ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda ya yi ɓarna bai sani ba. Ta ce a ƙauyensu, can kudancin China, akwai ɗakin bauta a bakin gonakin shinkafa. Mai jar fuskar nan wani sarkin yaƙi ne na zamanin da, wanda aka ce bai taɓa cin amanar wanda ya yi wa alkawari ba, shi ya sa bayan mutuwarsa ƙauyuka suka gina masa ɗakuna suna neman tsarinsa. A nan ake sasanta rikicin ruwan gona, a nan ake rantsuwa, kuma sau ɗaya a shekara samari su ɗauko shi a kafaɗa su zaga gari da ganguna. Duk wanda zai bar gari ya tafi nesa, sai a ɗebar masa toka daga babban kaskon ɗakin, ya je ya fara nasa kaskon da ita. Mahaifiyarsa ce ta ƙulle masa tasa a jan ƙyalle ranar da zai tafi, yana saurayi. Bai sake ganinta ba. Daga baya, a shekarun tashin hankali, aka rushe ɗakin. An sake ginawa, amma tsohon kaskon ba wanda ya san inda ya shiga.

"Duk safiyar da ya yi a ƙasar nan tana cikin tokar nan," in ji ta. "A ƙarƙashi kuma akwai ta kakata."

A nan ya kamata in buɗe baki in ce, Madam, rabi na gidana. Ban ce ba. Girman kai ya riƙe mini harshe. Wanke kasko kuskure ne, kowa zai yafe. Amma fita da kayan mutum a jaka, wannan sunansa daban, kuma ejansi ba sa tambayar nawa ne kuɗin abin.

Ranar Lahadi bai ci ba. Litinin na dama masa kunun shinkafarsa yadda yake so, ya ture. 'Yar ta sayo sabuwar toka a shago, fara fat a leda, ko kallo ba ta ishe shi ba. Rediyon ma ya daina kunnawa. Da na buɗe famfon alwala, gidan dama shiru ne, ba abin da zai rage mini. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Da yamma na fito da robar na ajiye a teburin kicin, na faɗa wa Hajiya komai. Ta ja kujera baya.

"Innalillahi! Kwana nawa tokar gunki tana kwana kusa da garin tuwona? Maza ki juye ta a masai. Kin yi aikin lada ba ki sani ba."

Na ce, "Mutumin ba ya cin abinci."

"To ke ce za ki ɗauki tokar gunki ki hau jirgi da ita, da hijabinki? Ejansi su kore ki kuma a ce ɓarauniya, a shekarunki?"

Na ce, "Ba bauta zan kai ba. Kayan mutum na ɗauka, kayan mutum zan mayar. Abin da zai yi da shi tsakaninsa da Wanda ya halicce shi."

Ta ce, "Taurin kanki dai sai Allah." Amma ita ce ta samo mini leda biyu ta ƙulle robar don kar ta zube.

Da safe jirgin ya cika, na rungume jakar a ƙirji tun daga Bronx har Grand Street. Na kira 'yar na ce ta zo, ina son ta ji da kunnenta. Na ajiye robar a cinyarsa, na ce, "Baba, na ɗauka. Na kai gidana. Rabi na goge tukunya da shi, ga rabi. Madam, in za ki kira ofis, ki kira."

Ya buɗe murfin. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ɗaya a ciki, kamar yadda na sa nawa. Sai ya yi magana da yarensu, 'yar ta fassara: "Yana tambaya, me za ki yi da toka?"

Na ba shi labarin murhun mahaifiyata da tukwanen waakye. Na gaya masa ta rasu ina nan, takarduna ba su fito ba, a waya na ji ana ɗaukar ta. Ban taɓa faɗa wa wani a wurin aiki ba. Ya gyaɗa kai, ya ce da Turancinsa, "Mama ma ba ta koma ba."

Shi da kansa ya juye tokar. Ni na tsaya a bakin ƙofar kicin, ban matsa ba. Ya soka sanda uku, suka ɗan karkata, amma suka tsaya. Ya juyo ya nuna tukunyar da na goge, ya ce wani abu, 'yar ta fashe da dariya har da hawaye. Wai baƙin nan ma da gangan ne, shekara talatin yana tara shi, shi ke sa suya daɗi. Wai in ɗora kunun a wata tukunyar, kuma don Allah kar in sake wanke komai sai na tambaya. Ya shanye kwano guda. Ba a kira ofis ba.

A makon nan na kira ƙanwata a Kumasi na ce in wani zai taho, ta ƙulle mini toka kaɗan daga murhun Mma, mahaifiyarmu. Ta yi ta dariya. "Yaya, Amurka toka ta ƙare? Ai murhun nan mun fasa shi tun bara, shago aka gina a wurin. Gas muke yi yanzu."

Na ce to, a gaida yara. Na kashe wayar na zauna.

Tsohon ya rasu bayan shekara biyu, kaskonsa ya kusa sake cika. Har gobe ba na taɓa gunki, kuma ba zan taɓa ba. Amma tun daga ranar, in na shiga gidan wanda ya baro ƙasarsa na ga wani tarkace a lungu, sai na tambaya kafin in kai hannu, domin wani abin da idona ke kira datti, shi kaɗai ne abin da ya rage wa mutum daga gida. Shi uwarsa ta ƙulle masa nasa, ya riƙe shekara sittin. Ni da na taho, akwatina cike da atamfa, ban ɗebo ko tafin hannu ɗaya ba.