Gidan Takarda na Tsohon Shinuwa

Aikin kafa rumfar ta'aziyya a Jidda wahala ce zalla. Ka ɗauki ƙarfe a rana, ka jera kujeru, mamacin ma ba naka ba.

Ƙa'idar ita ce, ba a kafa rumfa sai da takardar izini. Kafilina, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, shi ne yake karɓowa, sannan 'yan kwana-kwana su zo su duba: ban da ciyawa, ban da kwali, ban da duk abin da wuta ke so.

Ranar da ta tsaya mini a rai ita ce wadda aka tura mu sansanin wani kamfanin 'yan Sin, waɗanda mu mutanen Damagaram muke ce wa Shinuwa. Direbansu ne ya rasu, za a mayar da gawar ƙasarsu a jirgi. Muna gama kafawa sai wan mamacin, tsohon da yake dafa musu abinci, ya fito da wani ɗan gida da ya haɗa da takarda da tsinke. Har da ƙofa, har da taga, har da ɗan akurkin kaji. Tafintansu ya ce mini ƙona shi za su yi, wai ta haka yake isa ga mamacin.

Hafsan kwana-kwana da ya zo duba rumfar ya kalli gidan, ya kalli tankin man da ke bayanmu, ya juyo kaina.

"Ya Muhammad, gaya masa mamnu'i, doka ta hana. Izinin rumfa aka ba ku, ba na wuta ba."

"Ya ammi, ranka ya daɗe, ɗan ƙarami ne fa."

"Ko na tururuwa ne. Magana ta ƙare."

Gaskiyarsa ce. Ni ma ba addinina ba ne. Amma tsohon bai yi musu ba, rungume gidan kawai ya yi. Tafinta ya ce irin gidan da ƙanen yake cewa zai gina ne idan sun koma.

Ni ma da ƙanena Sanusi haka muka zana namu a ƙasa da kara, kafin in taso daga gida. Ya rasu ina nan, ko zaman makokinsa ban samu ba.

Da safe kafin mu kwance rumfa na roƙi kafintansu guntayen katako. Na auna gidan da igiya, na buga masa akwati daidai shi, na cusa tsummoki ta gefe don kada tagar ta karye a hanya. Na ɗora shi a motar da za ta kai gawar filin jirgi, ko a can ƙasarsu a samu a ƙona masa.