Murfin Kyamarar Kawu

Muna idar da sallar asuba muka hau moto, wato babur, muka bar Madawa, ni da abokina mai gyaran waya, muka nufi Keita. A wuyana akwai tsohuwar kyamarar Kawu mai aiki da fim. Kawu ya yi shekaru yana ɗaukar mutanen Keita hoto, amma shi ba shi da ko ɗaya, ga idonsa ya tafi, ga jiki ya yi rauni. Na yi wa Inna, ƙanwarsa, alkawarin kawo mata hotonsa, kuma da kyamarar nan, don ya rantse waya ba za ta ɗauke shi ba.

Murna kamar ta kashe ni! Da ƙyar na samo fim guda daga Yamai, mai cin hoto talatin da shida. Kyamarar kuwa ba ta da batir. Ta wata 'yar taga a gefe ake leƙawa, sai ka ga mutum ya zama biyu, ka yi ta murza zoben gilashi har su haɗe, sannan ka danna.

Abokina ya ce wannan wahalar banza ce. Tun daga gonakin albasa yake lallashina in bar shi ya farke cikinta, ya sa mata allo da batir kamar yadda ya gani a intanet. Ni ko na yi kunnen uwar shegu da shi. Na ɗauki hoton raƙuma, na ɗauki na jakuna da buhunan albasa. A Buza muka sha fura mai sanyi, muka ci kilishin da muka yi guzuri, na sa mai furar ta tsaya ƙiƙam har ta fara tsaki. Daga nan hanya ta zama hawa da gangara cikin duwatsu, moto na jijjiga mu, ni ina ta dannawa. Ko da muka shiga Keita, saura hoto ɗaya tak.

Muka tarar da Kawu a zaure. Bayan gaisuwa ya ce, "Miƙo min aparai ɗin in ji ta." Ya shafa kyamarar da yatsu, sai ya tsaya cak.

"Ɗana, haka kaka ɗauka tun Madawa? Ba ka hidda murhin ba?"

Na duba, sai ga murfin manne a kan gilashin. Tagar ba ta cikin gilashin take kallo ba, shi ya sa nake ganin komai tar alhali murfi na rufe. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, yana cewa da kyamarar zamani ce da tuni ta yi mini kukan gargaɗi. Kawu ya cire murfin da kansa, ya ji inda rana take dukan fuskarsa, ya murza mini ma'aunin haske, ya ce in ja da baya taku huɗu. Na haɗa Kawu biyu suka zama ɗaya, na danna yana tsaka da yi mini dariya.

Washegari muka koma gida. Da aka wanko fim daga Yamai, talatin da biyar baƙi ƙirin. Na koyi cewa laifin ba na kyamara ba ne, kuma zamanancin da na yarda a yi mata shi ne zaren da abokina ya ɗaura wa murfin. Guda ɗayan da ya fita na miƙa wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta share ido da bakin zane ta ce, "Rabona da ganin haƙoran Yaya tun yana gani."