Tobiya, Mai Raba Ruwa da Gishiri

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da hantsi, 'yarka Victoria ta shigo gidana a Sintali a maimakonka, ba gorar ruwa a hannunta. Tun kafin ta buɗe baki na gane. Ta durƙusa ta ce, "Baba Manga, babanmu ya tafi."

Tobiya, shekara talatin kana koyar da kimiyya, ina koyar da lissafi a ajin da ke jikin naka. Sa'o'inmu duk sun shuɗe. Kai kaɗai ka rage mai yi mini sallama.

Rijiyata zartsi ce. Da likita ya hana ni gishiri saboda hawan jini, ga ƙafa ta daina kai ni famfo, sai ka ce ka samu aikin yi. Ka riƙa ɗiga ruwan rijiyar da sirinji a kan faranti, ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar masara, ka sa a firizar marigayiya matarka. In ya daskare ka juye a rariya. Ka ce ƙanƙara ba ta son gishiri, ture shi take yi. Abin da ya fara narkewa shi ne mai zartsi, a zubar. Na baya shi ne na sha, ka kawo mini a gora. Na ce tsufa ya mai da kai yaro. Ka ce, "Kai dai sha, sarkin ƙorafi." Shekara biyu ina sha.

Bayan an binne ka, Victoria ta gwada. Muka zauna muna kallo yana ɗiga, sai na kasa barinta ta zubar. Wanda ya tashi yana bin rafi da rani bai iya zubar da ruwa ba. Na ce ta tare duka. Na sha, kwana biyu ƙafafuna a kumbure. Mun sake, mun zubar, amma ba mu san inda ake tsayawa ba. Kai da harshe kake aunawa, ba ka rubuta ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka ni zan riga ka.

Ƙarshen wata Victoria za ta koma wurin aikinta a Yola. Ban gaya mata ina jin tsoro ba.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya maƙogwarona. Ya ba Victoria da ƙaninta George da dukan dangi haƙuri.

Gorar ƙarshe da ka kawo saura rabi. Kullum da safe nakan taɓa ruwanta da harshe, ko zan koyi inda kake tsayawa.

Manga, Sintali, Jalingo