Malam Isiyaku tela da jiragensa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tasha da safen nan ina jiran mota ta cika, Nafi'u ya kira ni ya ce yayansa ya rasu. Malam Isiyaku tela, na bakin kasuwar Makoda. Wanda kuke ce wa Mai Jirgin Leda.

Na ba fasinjojina haƙuri na ce su shiga motar da ke bayana.

Tare muka taso da shi. Ni na bi mota, shi ya bi keken ɗinki. Da ya je ci-rani Legas ne ya ga wasu baƙi a bakin teku suna tashin wani irin jirgi, ba irin namu na leda da tsinke ba. Wannan babba ne, na yadi, da zare biyu. Mutum ya riƙe zare a kowane hannu, ya sa shi ya juya, ya yi ƙasa kamar zai faɗi, ya sake tashi. Ya ce tsayuwa ya yi yana kallo har ya manta abin da ya kai shi wajen. Ɗaya daga cikinsu ya ba shi wani da ya yage. Ya kawo shi gida, ya farke shi, ya gane yadda aka ɗinka.

Daga nan ya fara ɗinka nasa da yadin lema.

Yadin ba shi ne wahala ba, sandunan ne. Wasu baƙaƙen sanduna ne sirara, ba nauyi, su ne ke riƙe da fukafukan. Ba a samun su a nan. Shekaru ya yi yana tara su, yau ɗaya, wata shida a sake samun biyu. Ƙashin baya yake kiran su.

Kun san abin da kuka riƙa faɗa. Magidanci da 'ya'ya yana wasan yara. Wai iska ce ta taɓa shi a Legas. In ya fita fili bayan an cire amfanin gona, a zauna a gindin bishiya ana nuna shi da baki.

Amma shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko wa gero, wa aka je nema? Har daga Kunci aka zo aka ɗauke shi a mashin. Ya yini a rana yana kaɗa jirginsa a saman gonakin mutane, tsuntsaye na watsewa. Bai karɓi ko zangarniya ɗaya ba. Da aka yi girbi aka koma dariya.

Lokacin da mai ya yi tsadar da na ajiye mota, ban faɗa masa komai ba. Ana saura kwana kaɗan Sallah sai ga 'yarsa Hafsatu da leda, kayan yarana a ɗinke, har da hula. Da na je yi masa magana ya ce, "Haladu, matsa min daga haske, ina saka zare."

Kujerun motata ma shi ya dinga yi musu faci da ragowar yadi. Duk wanda ya shiga motata ya zauna a kan ɗinkinsa.

To, wani ya ɗauke shi bidiyo a fili ya saka a intanet. Bidiyon ya yi tafiya har ya kai wajen masu shirya gasar irin waɗannan jirage a wata ƙasa. Suka neme shi, suka aiko masa da tikiti. Ranar ya zo tasha yana ta dariya, yana ta nuna min waya.

Nan take ya zama ɗan gari. Wani babban mutum da yake yi wa ɗinki ya zo da motoci, aka yi hotuna, aka rubuta muna alfahari da ɗanmu. A gaban jama'a ya ce zai sayo masa akwatin da ake zuba irin waɗannan sanduna, mai ƙarfi, wanda ko mota ta taka ba abin da zai yi. Isiyaku ya jira. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya je gidan, aka ce Alhaji na hutawa. Har yau Alhaji bai gama hutawa ba.

Da tafiya ta matso sai ya yi dabararsa.

Ina shagon lokacin da yake shiryawa. Ya zare sandunan daga jikin yadin, ya ninke yadin ya sa cikin kayan sawarsa. Sandunan ya ɗaure su biyu-biyu da roba, ya naɗe bakin kowanne da auduga, ya zura musu tsofaffin safa. Ya naɗe duka a zanin matarsa Uwani, ya tura cikin fayif na roba irin na masu aikin famfo, ya toshe sama da ƙasa da murfi, ya bi da salatif. Ya girgiza a kunnensa ya ji ko wani abu na motsi. Ya buɗe ya ƙara auduga. Ya sake girgizawa.

Na ce, "Malam, ko jariri ba a yi masa haka."

Ya ce, "Jariri in ya ji ciwo zai yi kuka a duba shi. Waɗannan ba za su ce komai ba."

Ni na kai shi filin jirgi. Bai yarda an sa fayif ɗin a but ba, a cinyarsa ya ɗora. Duk ramin da muka shiga sai ya ɗaga shi sama da hannu biyu. Kun san hanyarmu. Kafin mu isa hannunsa ya sage.

Shi a tunaninsa zai shiga jirgi da shi a hannu. Aka ce ya yi tsawo, sai dai ya bi sauran kaya. Ya roƙa, aka ce doka ce. Matar da ke wajen ba ta wulaƙanta shi ba, har takarda ta liƙa masa mai nuna a yi hankali da kayan. Ya fito ya same ni a bakin ƙofa, ya ce, "Sun tafi da su, Haladu. Na ga sun shige wani rami." Mutumin da bai taɓa hawa jirgi ba, amma ba kansa yake ji wa tsoro ba.

A ƙasar da suka sauka suka canja jirgi, wani ya buɗe fayif ɗin don bincike. Wannan aikinsa ne, ban ce komai ba. Amma ya mayar da murfin mana. Bai mayar ba.

Da Isiyaku ya isa, fayif ya fito a buɗe, zanin Uwani na reto. Wasu sandunan babu su. Sauran an danne su da akwatuna sun farfashe kamar raken da aka tauna. Ya ce ya zauna a ƙasa a wajen ɗaukar kaya yana tsintar su, mutane na kewaye shi suna wucewa.

Wani ɗan gasar ya ce ya ari nasa. Ya yi godiya ya ƙi. Ya ce min, "Ɗinkina suka gani suka kira ni. In na tashi na wani, me na kawo?"

Ya samo gora ya fere, ya ɗaure karayar da zare da gam. Ranar gasa jirgin ya tashi. Ya juya, ya sauko, ya sake hawa, yadda yake yi a filinmu. Sai iskar teku ta buge shi, fiffike ɗaya ya naɗe, ya faɗo a yashi. Ya ce mutanen wajen sun daɗe suna tafa masa, don sun ga abin da ya ɗaure da shi.

Mu a nan me muka yi?

Aka yanke bidiyon. Aka cire tashin, aka bar faɗuwar, aka sa mata sautin dariya. Kafin ya dawo ta gama zaga wayoyin gari. An hau jirgin gaske an kai jirgin leda, haka aka rubuta. Wasu daga cikin masu karanta wannan sun yi sharin, na ga sunayenku a lokacin. Da safen nan kuma na ga kun sa hotonsa kun rubuta mutumin kirki. In har yanzu bidiyon na wayarka, ka goge. Hafsatu ta girma, tana da waya.

Ranar da ya dawo ni kaɗai na je taryensa. Da muka fita daga birni ya ce, "Murfi kawai, Haladu. Da ya murɗa shi sau biyu."

Bai sake tashin jirgi a filin gari ba. Sai ya yi nisa, can bayan gonaki inda ba kowa.

Ciwon ya fara ne da kumburin ƙafa, har ya kasa taka keke. Asibiti suka ce ƙoda ce, sai an dinga yi masa wankin ƙoda. A wannan zamanin da mutum ke neman abin da za a ɗora a tukunya. Ya je iya zuwan da zai iya, ya daina. Masu hotuna ba wanda ya leƙo.

Ganina da shi na ƙarshe, Juma'ar da ta wuce ne bayan an sauko. Na same shi a zaure a kan tabarma, ƙafafun sun yi suntum, ga katako da soso a gabansa. Akwati yake haɗawa. Ya fere wa kowace sanda wurin kwanciyarta a cikin soson. Murfin kuma ya kafe shi a jikin akwatin yadda ko an buɗe ba zai rabu ba, in ka sake shi da kansa yake rufewa.

Ashe masu gasar sun sake kiran sa. Wanda ya so ara masa jirgi ya aiko masa da sababbin sanduna. Ba wanda ya faɗa wa sai Uwani.

Na ce, "Malam, ka bari ka warke tukuna."

Ya ce, "To in na warke babu akwati fa? Riƙe min nan."

Na riƙe, ya buga ƙusa. Bai same ta daidai ba, sai da ya sake bugu. Da zan tafi ya ce kada in faɗa a tasha, ba ya son a fara. Ko a halin da yake ciki, bakinmu yake gudu.

Yanzu na faɗa, Malam. Ba abin da za su iya yi maka kuma.

Nafi'u ya ce za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansu. Motata na tasha, duk mai zuwa ya zo, ba kuɗin mota. Wanda ya yi masa dariya ma ya zo, akwai wuri. Amma kada ya ce min komai a hanya.

Allah Ka jiƙan Isiyaku. Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Allah Ka ba Uwani da yara haƙuri, Ka tsaya musu, don na ga iyakar tsayuwar mutane.

Ba sai kun yi kwament ba. Ku ajiye wayar, ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunansa na gaskiya. Isiyaku.