Takardar da Na Tura Ƙarƙashin Bencin Abokina

A shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ina saurayi mai ji da kansa, ɗan wani mai ɗinki a Gure, ban taɓa wuce Damagaram ba. Mu biyu muka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa babbar jami'a a Yamai, ni da wani abokina ɗan Gidigir da muka yi lise, wato babbar sakandare, tare. Shi maraya ne, mahaifiyarsa ce ta riƙe shi da sayar da dabino da kanwa ranar kasuwa. A tasha ta kama hannuwanmu ta ce mu zama wa da ƙani a can, tunda ba mu da kowa.

Jami'ar ta ruɗe ni. Ɗakin karatu ɗaya, wanda ake kira amfi, ya fi lise ɗinmu duka yawan mutane, in ba ka yi sammako ba sai dai ka tsaya a taga. Abokina ya samu gado a gidan kwanan ɗalibai, ni ban samu ba, sai ya raba katifarsa da ni shekara biyu ba tare da ya taɓa ɗaure fuska ba. Da an sallame asuba zai tafi ya kama mana wuri. Ni kuwa a shekara ta biyu na faɗa zaman fada, majalisar samari, ana shayi ana gardamar siyasa da ƙwallo, har na daina shiga amfi. In ya yi mini faɗa sai in ce masa ai kaina ya fi nasa ja.

Da jarrabawa ta matso na ga ban san kome ba. Na ari littafin da yake rubuta darasi a ciki, na kai aka yi mini fotokopi, aka ƙanƙance shafukan har suka dawo kamar tafin hannu, na ɓoye a safa. Ranar jarrabawa yana zaune a benci na gabana. Ina cikin kwafa na hango mai tsaro ya nufo layinmu yana sa kowa ya miƙe. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba, na saki takardar, na sa ƙafa na tura ta gaba. Ƙarƙashin bencinsa aka tsince ta, kuma rubutun hannunsa ne a jiki. Ya rantse, ya sake rantsewa, aka karɓe takardar amsarsa aka fitar da shi. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Ni na sunkuyar da kai na ci gaba da rubutu.

Kafin kwamitin ladabtarwa ya zauna an yi kwanaki, kuma a katifa ɗaya muke kwana. Kullum ina cewa gobe zan je in faɗi gaskiya, gobe ta yi in tuna fuskar mahaifina. Shi bai tambaye ni ba, bai kuma ambaci sunana a gaban kwamiti ba, alhali ya san wanda ya ari littafin. Aka hana shi jarrabawa na wasu shekaru. Ranar da zai tafi ya ce in riƙe gadon, ya ce kuma in daure in riƙa shiga amfi. Ko tasha ban iya raka shi ba.

Na gama karatu, na samu aikin gwamnati. Shi kunyar zaman gida ta sa ya bi samari zuwa haƙar zinariya a arewa. Sau da yawa na ɗauki waya in kira shi in ajiye. Ina ofis wata ranar Talata aka sanar da ni rami ya rufta da su, can aka binne shi.

Sai bayan sadakar arba'in na iya zuwa Gidigir. Na tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsince dabino, idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Na durƙusa na faɗa mata kome. Ta ture dabinon gefe. Daga baya ta ce har ya bar duniya bai gaya mata ba, ita kuma ta yi shekaru tana zaton ɗanta ya ci amanar wahalarta, har ta taɓa faɗa masa haka a fuska. Na roƙi gafara, ta ce nata ta bar wa Allah, amma mai babban haƙƙin ba ya nan, ba ta da ikon yafewa a madadinsa.

Yau ina da mata da ƴaƴa, ana gaishe ni da girma, amma na san kujerar da nake zaune a kai ba tawa ba ce. Faɗuwar jarrabawar da na guje wa, shekara ɗaya kawai za ta ci mini. Ɗalibai ƴan uwana, ku shiga aji, in kun faɗi ku faɗi da mutuncinku. Wanda kuma ya san ya zalunci wani, ya tashi yau ya same shi tun yana iya amsawa. Ni na yi ta jiran gobe, yanzu ko kabarinsa ban san inda yake ba.