Ƙungiyar MaNkala ta Landan

A unguwar Makokoba ta birnin Bulawayo idan aka ce ƙungiya, abu ɗaya ake nufi: mutanen da za su binne ka. 'Yan gari ɗaya su haɗu, su ɗinka anko, su riƙa taro gida-gida. Ranar da mutuwa ta faɗo, su ne masu akwatin gawa, su ne masu girki, su ne masu kwana a ƙasa da mai takaba. MaNkala ba ta da irin wannan. Ita da mijinta Gumbo, mai gadi a tashar jirgin ƙasa, daga wani ƙauye suka fito can bakin kogin Zambezi, wanda ko sunansa ba a taɓa ji ba a Bulawayo. Duk ƙungiyar da ta tunkara sai a tambaye ta 'yar ina ce, daga nan magana ta mutu. Abin yana cin ta a rai, don ta ga yadda ake binne marar mutane, kuma ba ta so a yi wa Gumbo haka.

Guga take yi a gidan wasu Turawa, matar gidan kan ba ta tsoffin mujallu ta hura wuta. To, MaNkala ta taɓa makarantar mishan, ba ta ƙona takarda sai ta karance ta. A bayan wata mujalla ta ci karo da wata talla. Ga mata da maza zaune suna murmushi, littattafai jibge a gabansu, an rubuta da manyan baƙaƙe wai shigo ƙungiyarmu ta littafi, duk inda kake namu ne. Ba a tambayi garin kowa ba! Ta yanke gefen shafin, ta rubuta sunanta da adireshinta, ta aika Landan.

Littafi ya fara zuwa duk wata. Ta zuba ido ta ga sanarwar taro, shiru kake ji.

NaZodwa maƙwabciyarta, shugabar mata a ƙungiyar 'yan garin Gwanda, bakinta ba linzami. Ta leƙo ta kan shinge.

"MaNkala, yaushe ne taron naku? In ara miki kujeru?"

"Layi bai zo kaina ba tukuna."

"Ankon fa, wane launi ne? Ko a tuɓe ake zuwa?"

"Ke dai ji da naki, uwar 'yan sa ido."

Amma maganar ta sosa ta. Ta yi ta juya abin har ta gano bakin zaren: mutanen Landan masu kawaici ne, ba za su ɗora wa sabuwar shiga ɗawainiya ba, jira suke ta miƙe da kanta. Kai, baiwar Allah nan! Ta share tsakar gida, ta dafa shayi, ta yanka burodi, ta shaida wa unguwa Asabar da la'asar akwai taro. Mata suka cika gidan, kowacce ta zo kallon Turawa. Shayi ya huce, ko karen Bature bai gilma ba.

Da wata ce, da ta shige ɗaka ta rufe ƙofa. MaNkala kuwa ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Hanyarsu da nisa, amma ba a fasa taro don wani bai zo ba." Ta buɗe littafin watan, tana karantawa tana juyawa zuwa Ndebele, yaren unguwar. Labarin wata budurwa ce da wani mai daɗin baki yake yaudara. Ba a yi nisa ba NaZodwa ta buga cinya.

"Maƙaryaci ne! Kar ta yarda da shi!"

MaNkala ta rufe littafin. "Sai Asabar mai zuwa."

"Haba ke kuwa, a nan za ki tsaya? Muguwa!"

Haka aka ɗauki shekaru. Wani watan a turo littafin yadda ake shuka fure a ƙasar ƙanƙara, shi ma sai sun karanta, suna dariya har da riƙe ciki.

Wani lokacin sanyi tari ya kama Gumbo, bai tashi ba. Da safe aka fitar da kujeru waje kamar yadda ake yi, MaNkala ta zauna a ƙasa ta kasa kuka. Tsoro ne ya cika ta. Matan taron Asabar sun shigo, amma kowacce da ƙungiyarta, kuma ƙungiya ba ta binne wanda ba nata ba. Dattijon coci ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tambayar da ake yi a kowane gidan mutuwa.

"Wace ƙungiya ce ke riƙe da gawar nan?"

MaNkala ta sunkuyar da kai.

NaZodwa ta miƙe. "Ta littafi."

"Ta me?"

"Ta littafi, baba, reshen Makokoba. Mazanmu suna wajen kafinta, mu kuma ga mu nan. Kai dai fara addu'a."

A nan ne MaNkala ta fashe da kuka. An binne Gumbo da waƙa, jama'a har bakin titi. Da aka dawo, NaZodwa ta ajiye mata tuwon masara a gaba. MaNkala ta ɗago ido jajur.

"Na dai faɗa miki ƙungiyar gaske ce."

"Na ji. Ci tuwonki tun da zafi."