An Ce Mini Daji Ba Ya Son Ƙarfe

A lokacin ni manomin rani ne a Bakura, zabiya, mai taurin kai. Tun ina yaro abokai ke tsokanata wai rana ta fi ƙarfina, shi ya sa na ƙi malfa. Haka nake wuni duƙe cikin shinkafa da 'yar hula a ka.

Wata shekara ƙurji ya fito mini a gefen kunnen dama. Ya yi ɓawo, ya fashe, ya sake yin ɓawo. Ranar kasuwar Mafara na nuna wa kawuna, mahaucin da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Yana dubawa ya ce daji ne, ya roƙe ni don girman Allah kada in bari allura ko aska ta kusance shi, domin daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fantsama. Don ƙauna ya faɗa, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Na daɗe ina shafa garin saiwar da yake karɓo mini daga Maradun, ciwon kuwa yana ta cin gaba.

Matata ce ta matsa muka je asibiti, da ta gaji da wanke jini a matashin kai. Da likita ta ɗebi 'yar tsoka don gwaji, wallahi na ji tsoro. Gwajin ya nuna dajin fata ne. Daga baya likitar ta bayyana mini cewa a cikin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta masu tsaro da ke hana tsiro wuce iyaka, zafin rana na shekaru kuma yana rufe su, kamar yadda muke toshe ƙofar ruwa a gona: ƙofar tana nan, amma ba ta aiki. Sau da yawa idan suka rufu sosai, ciwon yakan fi zurfi da saurin yaɗuwa. Ta ce da tun yana ƙurji na zo, ɗan yanka kaɗan ya isa. Yanzu sai dai a cire kunnen.

An cire, kuma ban mutu ba. Kawu ya zo dubiya da ƙullin kilishi, ya kasa haɗa ido da ni. Ban riƙe shi a zuciya ba, amma ina baƙin cikin lokacin da na ɓata.

Jama'a, ciwon fata da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti tun yana ƙarami. Ƙarfen da na guda shi ya cece ni. Autata ma zabiya ce. Duk safiya idan na ɗaura mata malfa, takan shafa inda kunnena yake a da, sannan ta ƙara jan igiyar malfar da kanta.